HATSARIN MOTA DA GADON KAWU: SHARHI KAN YADDA MUKE WARWARE LABARI

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wasu daga cikin 'yan uwa marubuta sukan ba ni rubutunsu in duba musu kafin su kai maɗaba'a ko su sake shi a waya. Ba wai don na fi su sani ba, sai dai don ganin aikina koyar da Hausa ne a makarantar sakandare, kuma jan biro ba ya rabuwa da aljihuna. Yawancin masu kawo mini ɗin nan sun wuce a kira su 'yan koyo. Wani ya fitar da littafi biyu, wata ta fitar da biyar, wani ma an sha karanta labarinsa a gidan rediyo. Sun san ƙa'idojin rubutu daidai gwargwado, sun iya tsara hira tsakanin saurayi da budurwa, sun kuma iya siffanta falo da sutura har mai karatu ya ji kamar yana gani da idonsa.

To amma akwai wani ciwo guda da nake ta cin karo da shi a rubutun waɗannan gwanaye, shi ne kuma dalilin wannan ɗan sharhi. Marubuci zai ƙulla labari ya yi kyau, ya sa tauraruwarsa cikin tsaka mai wuya har hankalin mai karatu ya tashi, amma da zarar an zo wurin kwance ƙullin sai ya rasa ta inda zai kama. Daga nan sai ka ji kwatsam mugun mijin ya yi hatsarin mota a hanyar Kaduna ya mutu. Ko kuwa wani kawu da ba a taɓa ambatonsa ba ya rasu a Makka ya bar wa matalaucin saurayi gadon miliyoyi. Ko kishiya ta haukace rana tsaka ta tona wa kanta asiri a tsakar gida. Ko a gano ashe yarinyar da ake wulaƙantawa 'yar wani hamshaƙin attajiri ce da aka musanya a asibiti. Shi ke nan, sai biki, sai tammat bi hamdillahi.

Kada wani ya ce na zo cin fuska ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma ni kaina na yi wannan ciwo. Labarin farko da na rubuta, cikin littattafan rubutu na 'yan makaranta guda uku, da motar haya na kashe Alhajin da ya raba masoyana. Na ba wasu ɗalibaina na ajin ƙarshe su karanta ina jiran yabo. Da suka dawo da shi sai wata yarinya mai shiru-shiru ta ce, "Malam, labarin ya yi daɗi. Amma da motar ba ta faɗi ba fa, yaya za su yi?" Na yi shiru, domin ba ni da amsa. A ranar na gane cewa masoyan nan nawa ba su yi komai ba tun daga shafin farko har na ƙarshe in ban da kuka da rubuta wasiƙa. Direban motar shi ya yi musu aikin duka, shi kuwa ko suna ban ba shi ba.

Tsakanin "Sai Kuma" Da "Saboda Haka"

Masana adabi sun daɗe da bambanta jerin aukuwa da ƙullin labari. Wani marubucin Ingila, E. M. Forster, ya yi bayanin wannan bambanci tun a 1927, inda ya nuna cewa abin da ke mai da jerin aukuwa ya zama ƙulli shi ne dalili. Amma ba sai mun je Ingila ba, Bahaushe ya riga ya ce ruwa ba ya tsami banza. Idan na ce Audu ya tafi Legas, sai kuma gidansa ya ƙone, sai kuma matarsa ta fita, na jera abubuwa uku ne kawai, kowanne na zaman kansa. Idan kuwa na ce Audu ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa, saboda haka ya gudu Legas, saboda haka masu bashi suka addabi matarsa har ta koma gidan iyayenta, to na ƙulla labari, domin in ka zare guda ɗaya sauran za su zube.

Ko tatsuniyar da kakanninmu suka yi mana a gindin murhu ta san wannan doka. Ba a taɓa cewa Gizo na zaune lafiya sai icce ya faɗo masa ba. Kullum kwaɗayinsa ne ke kai shi, wayonsa ya fisshe shi, ko kuma wayon ya yi yawa ya kama shi. Shi ya sa yaro ɗan shekara biyar yake jin daɗin ƙarshen tatsuniya, don yana iya bin sawun abin tun daga tushe. Abin mamaki ne a ce tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta kiyaye wannan, mu kuma masu littafi biyar-biyar mu manta.

Abin Da Magabata Suka Yi

Mu koma ga littattafan da suka fito daga gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, waɗanda su ne tushen ƙagaggun labaranmu na boko. A cikinsu babu wanda ya kai Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin ƙarfin ƙulli. Malam Shehu attajiri ne amma ba shi da haihuwa, saboda haka ya sa dukiyarsa ya aure Zainab wadda ke son Abubakar. An cuci Abubakar, saboda haka ya bar gari ya shiga duniya neman abin da zai rama da shi. Bai ga inda zai taɓa Malam Shehu ya ji zafi kamar ɗan da ya ƙwallafa rai a kansa ba, saboda haka ya yi wa Kyauta asiri. Kyauta ya lalace da sata, har a ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. Littafin ɗan ƙarami ne, akwai asiri a ciki, akwai ma arashi a haɗuwar ɗa da uba a wannan dare. Duk da haka mai karatu ba ya jin an yaudare shi, domin wuƙar da ta kashe Malam Shehu shi da kansa ya fara wasa ta ranar da ya ga kuɗinsa sun isa su sayi zuciyar da ba tasa ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koya mana wani darasin dabam, watau inda ya halatta a yi amfani da abin da ya faɗo daga sama. Littafin cike yake da irin waɗannan abubuwa: satar yaro, harin bayi, guguwar hamada. Amma a lura da abu biyu. Na farko, tushen watsewar gidan hassadar fadawa ce da ta sa aka kori Makau, ita ta jawo komai. Na biyu, masifun nan ba su zo don su sauƙaƙa wa marubucin aiki ba, ƙara wa mutanensa wahala suka yi. Abin da ya fi tsaya wa kowa a rai a littafin nan kuwa shi ne mahaifiyar Umar, matar da ba wanda ya tilasta mata, ta zaɓi ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa cikin bauta. Da ta gan shi bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta rasu. Da irinmu ne muka rubuta, da mun warkar da ita, mun sai mata gida a birni. Ɓalewa ya bar ta ta biya kuɗin zaɓinta, shi ya sa fiye da shekara tamanin ana karanta ta ana ƙwalla.

Daga nan za mu iya fitar da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Arashi yana iya jefa tauraro cikin rami, mai karatu zai yarda, domin haka rayuwa take. Amma in za a fito da shi, to a bar shi ya fito da hannunsa da ƙafarsa, ko kuwa ya kasa fitowa saboda halinsa.

Na san wani zai kawo mini Ruwan Bagaja, ya ce ai Abubakar Imam da kansa ya cika littafinsa da gamon katar, duk garin da Alhaji Imam ya sauka sai ya haɗu da Malam Zurƙe. Haka ne. To amma wannan labarin yawon duniya ne da barkwanci, tun daga farko marubucin ya yi yarjejeniya da mai karatu cewa ba rayuwar yau da kullum zai ba shi ba. Kuma ko a nan ɗin, haɗuwar ce kawai arashi. Abin da ke biyo bayanta, watau yadda ɗaya ke shirya wa ɗaya gadar zare ɗayan ya rama, duk aikin ƙwaƙwalwarsu ne. Haka a Magana Jari Ce littafi na ɗaya, aku ba don nishaɗi kawai yake zuba labarai ba. Yana yi ne don ya ɗauke hankalin Musa ɗan Sarki har gari ya waye, kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Imam bai yarda ko tsuntsu ya buɗe baki ba tare da dalili ba. Wanda ya ce mana labarinsa a unguwar Fagge ko Tudun Wada ya faru, a wannan zamani, da mutane irinmu, ba shi da izinin da mai labarin aljanu yake da shi.

Gobarar Alhaji Abdu

Kada a ce sai magabata kawai na sani. Mu duba Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, Aliyu Kamal kuma ya fassara shi zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Na zaɓe shi ne da gangan, domin a cikinsa akwai irin abin da nake kuka da shi: gobara ta tashi a kasuwa ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, mutumin da ya wulaƙanta matarsa Rabi da 'ya'yanta tara, ya kore su saboda amaryarsa Delu. A nawa ganin nan ne littafin ya fi rauni, domin wuta ba ta tambayar halin mai rumfa kafin ta ci, kuma marubuciyar ta ɗan ari hannunta don ta hukunta azzalumi.

Me ya sa ke nan littafin bai faɗi ba? Dalili na farko, kafin wutar ta zo Rabi ta riga ta ceci kanta. Ta kama sana'ar sai da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da Saudatu cikin mutunci. Ba ta zauna jiran gobara ba. Na biyu, wutar dukiya kawai ta ci. Abin da ya mai da Alhaji Abdu abin tausayi shi ne da ya waiwaya bai sami kowa ba, wannan kuwa shi ya gina wa kansa tun babin farko: Delun da ya zaɓa ba mai zaman talauci ba ce, iyalin da za su rufa masa asiri kuma shi ya kore su. Na uku, kuma mafi muhimmanci, gobarar ba ta kawo wa Rabi hutu ba. Sabuwar matsala ta kawo mata, domin a ƙarshe matsa mata aka yi ta koma wa mutumin da ya tozarta ta. Mai karatu yana rufe littafin da ɗaci a maƙogwaro yana tambayar kansa, shin wannan adalci ne? Wannan tambaya ita ce ribar littafin.

A ɗaya littafin nata, Wa Zai Auri Jahila?, ba ta ma bukaci wuta ba. An cire Abu daga makaranta, wanda aka so ya aure ta ya ƙi ta don jahilci, aka ɗaura mata aure da Sarkin Noma. Ba wanda ya mutu don ta sami 'yanci. Ita ta gudu, ita ta koma neman ilimi, ita ta mai da kanta ma'aikaciyar jinya. Haka Sumayya ta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko mutum ya yarda da faɗawarta rijiya ko bai yarda ba, ya san aikinta ne, ya fito daga halin da aka nuna mana tun farko. Da yawa daga cikin waɗanda suka biyo bayan waɗannan littattafai sun kwashi auren dole da hawaye da attajirin da ake ƙi, amma suka bar ƙashin bayan a can, watau tauraruwar da ke yanke shawara ta kuma ɗauki abin da ya biyo baya.

"Ai Ƙaddara Ce"

Duk lokacin da na ja layi a ƙarƙashin hatsarin mota a rubutun wani, amsar da nake samu guda ce: "Malam, ai ƙaddara ce, ko ba ka yarda da ƙaddara ba?" Wannan magana tana da nauyi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Na yarda da ƙaddara, mai kyau da marar kyau. Na kuma san ana yin hatsari kullum, ana cin gado, ana haukacewa. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa Allah yana gudanar da al'amura ne ta hanyar sababi, shi ya sa aka umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Mu dubi ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ba ina kwatanta ta da ƙagen ɗan Adam ba ne, ita gaskiya ce tsantsa, sai dai akwai abin koyo a yadda aka jero mana ita. Babu ƙissar da ta fi ta nuna ƙaddara, tun daga mafarkin farko an san inda za a ƙare. Duk da haka kowane mataki da sababinsa: hassadar 'yan uwa ta kai shi rijiya, rijiya ta haɗa shi da ayari, ayari ya kai shi Masar, kamun kansa ya kai shi kurkuku, fassarar mafarki a kurkuku ta kai shi gaban sarki, yunwa ta kawo masa 'yan uwansa har inda yake. A dubi riga kaɗai: ta zo da jinin ƙarya, ta zo a yage ta baya ta wanke shi daga zargi, ta zo a ƙarshe idon mahaifinsa ya buɗe. Ba abin da ya faɗo ba tare da an shimfiɗa masa tabarma ba.

Saboda haka idan marubuci ya kashe mutum a shafi na 180 don kawai ya rasa yadda zai yi da shi, kada ya fake da ƙaddara. A cikin littafi alƙalami a hannunsa yake, shi za a tambaya. Bugu da ƙari, akwai haɗari ga tarbiyyar da muke cewa muna yi. Yarinyar da ke cikin ƙuncin aure ta karanta littafi goma, a kowanne ta ga mugun miji ya mutu a mota, me muka koya mata? Mun koya mata ta zauna ta jira mota. Ba mu nuna mata akwai gwaggo da za a kai wa kuka ba, akwai waliyyi, akwai alƙali, akwai sana'a, akwai kuma haƙurin da mutum ke yi da saninsa ba don ya rasa abin yi ba.

Daga Ina Ciwon Ya Fito?

Ba rashin basira ba ne, gaggawa ce. Tun zamanin da aka yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990 kan abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano, tsarin kasuwar littafi ya saba wa marubuci da fitar da na ɗaya kafin ya san abin da zai faru a na uku. Ɗan kasuwa na jira, masu karatu na tambaya, kuɗin buga na biyu kuma sai an sai da na ɗaya. Yau da harkar ta koma waya abin ya ƙaru. Marubuciya tana sakin shafi kullum a zauren WhatsApp ko a Wattpad, waɗanda suka biya kuɗi suna ƙorafin an yi jinkiri, wasu na cewa a kashe wance, wasu na cewa a haɗa wane da wance. Wanda ke gini ana tsaye a kansa ana ƙirga masa bulo ba ya samun sukunin duba ko katangar ta karkace. In ya kai wurin rufi ya ga ba ta haɗu ba, dole ya nemo abin da zai toshe ɓarakar, mafi arha kuwa shi ne hatsari.

Akwai kuma tasirin finafinan Indiya da muka tashi muna kallo, inda 'yan uwa ke rabuwa suna yara su haɗu a babban birni ta dalilin tabo ko laya. A fim waƙa da kiɗa da kyan fuska suna rufe wannan rauni. A takarda ba abin da zai rufe shi.

Na ukunsu, wanda ba mu cika son faɗa ba, shi ne tsoro. Muna son tauraruwarmu ta fita fes, ba ta yi wa kowa musu ba, ba ta yi kuskure ba, don kada a ce mun koya wa yara rashin kunya. Wanda ba ya kuskure kuwa ba ya yin komai, wanda ba ya yin komai kuma dole a nemo mai yi masa.

Yadda Za A Yi Magani

Bari mu ɗauki misali mu yi aiki a kansa tare. A ce Hadiza tana son Sani, malamin firamare. Mahaifinta Malam Garba ya jinginar da gonar gado wurin wani Alhaji, lokacin biya ya yi ba shi da kuɗi, Alhaji kuma ya nuna yana son Hadiza. An sa rana. Nan ne hannu ke ƙaiƙayin ɗauko mota. To a dakata, a bi mutanen nan ɗaya bayan ɗaya a tambaye su abin da suke so da abin da suke tsoro.

Malam Garba ba mugu ba ne, tsoron ranar da 'yan uwansa za su ji ya salwantar da gonar ubansu yake yi. Mahaifiyar Hadiza tana da saniya guda da ta gada, wadda take tattali don kayan ɗakin ƙannen Hadiza. Sani yana da babur, shi ne ƙafarsa zuwa makarantar ƙauyen da yake koyarwa. Uwargidan Alhaji ta san wani abu game da takardar jinginar nan, amma faɗarsa na iya jawo mata saki. Ita Hadiza tana iya kai kuka wurin gwaggonta, yayar mahaifinta, sai dai yin haka tona asirin uban ne. Ka ga yanzu muna da ƙofofi biyar, kowacce kuma akwai abin da za a rasa in an bi ta. Wataƙila Sani ya sai da babur kuɗin su kasa. Wataƙila ya ƙi sayarwa, Hadiza ta gane son nasa na fatar baki ne. Wataƙila uwar ta sai da saniyar a ɓoye, Malam Garba ya ji kunyar da ta fi ta farko. Ko wacce aka bi, labarin zai fi na mota, domin mai karatu zai rinƙa tambayar kansa, da ni ne yaya zan yi?

Ga wasu matakai da na jarraba a kaina, na kuma ga sun yi wa wasu amfani:

1. Bayan ka gama rubutun farko, ka taƙaita kowane babi cikin jimla ɗaya a takarda guda. Sannan ka gwada sa "saboda haka" tsakanin kowace jimla da mai bi mata. Duk inda ta ƙi zama sai "sai kuma", to nan ɓarakar take.

2. Ka yi wa labarinka tambayar ɗalibata. Cire hatsarin, ko gadon, ko haukan, ka ga abin da mutanenka za su yi. Sau da yawa ainihin littafin yana nan ne, a wurin da ka gudu ka bari.

3. In lallai sai abin ya faru, to ka shuka shi da wuri. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Idan Alhaji zai mutu a mota, mu gan shi a babi na biyu yana yi wa makanike rowar kuɗin gyaran birki, a babi na biyar yana tilasta wa direba tafiyar dare don kada wani ya riga shi ciniki. A nan rowarsa da haɗamarsa ne suka kashe shi, motar 'yar aike ce. Idan kawu zai bar gado, mu san shi da rai, mu kuma ga rigimar da gadon zai haifar.

4. Ka ba mugun labarinka dalili. Kishiyar da ke mugunta don kawai an haife ta muguwa ba ta da magani sai hauka. Wadda ke yi don tsoron a wulaƙanta 'ya'yanta mutum ce, ana iya kayar da ita, ana iya shiryar da ita, tana ma iya yin nasara.

5. Kada ka saki shafin farko sai ka san na ƙarshe. In masu karatu na waya sun matsa, gara su jira wata biyu su sami abin kirki. Ka ajiye rubutun ya huce na 'yan makonni, sannan ka kawo shi zaman karatu na ƙungiya, ka kuma ba wanda ba ya jin kunyarka. Yabon aboki ba ya gyara littafi.

6. Ka rinƙa wasa alƙalaminka da gajeren labari. Gasanni irin su Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata, suna ƙayyade yawan kalmomi, kuma a 'yan shafuka kaɗan babu wurin ɓoye rauni. Wanda ya iya ƙulla matsala ɗaya ya kwance ta da hannun mutanensa cikin shafi huɗu, zai iya a shafi ɗari huɗu.

Kammalawa

Ban ce a daina mutuwa a littattafanmu ba, ban kuma ce kowane labari sai ya ƙare da baƙin ciki ba. Abin da nake roƙo shi ne mu girmama mai karatu. Ya ba mu kuɗinsa da daren da ya hana idonsa barci, ya bi Hadiza shafi ɗari biyu yana fargaba, ba daidai ba ne a ƙarshe mu ce masa duk wahalar nan ba ta da alaƙa da yadda abin ya ƙare. Marubucin da ya fitar da littafi biyu ko uku ya riga ya nuna ya iya jan zare. Abin da ya rage masa, wanda kuma zai raba shi da sauran jama'a, shi ne ya zauna da ƙullin da ya yi har sai ya kwance shi da yatsunsa, ya bar almakashi a aljihu.

Wancan labari nawa na farko yana nan a ƙasan akwati. Na sake rubuta shi sau biyu, a na ƙarshen Alhajin yana nan da ransa da lafiyarsa, kuma sai a lokacin na san ko su wane ne masoyan nawa: ashe saurayin matsoraci ne, yarinyar ce jaruma. Ina fatan 'yan uwa da ke da wani ra'ayi dabam, musamman kan batun ƙaddara da kuma gobarar Alhaji Abdu, za su aiko da martani a fitowa ta gaba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ƙara mana basira, ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani, amin.